Awon Baƙuwa

Gidan Tela ba gidan da ake jin kiran salla a cikinsa cikin sauƙi ba ne. Kekunan ɗinki huɗu ne a shagon da ke jikin gidan, ga rediyo, ga shi kansa maigidan, wanda ko gaisuwa zai yi sai an jiyo shi a bakin titi. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ke sa maɓalli da yin kalmasa, kuma bakinta bai fi nasa samun hutu ba. Babbar 'yarsu, Yaya, ta gaji hannun uban da muryar uwar. Ƙannenta maza biyu kuwa, in ba sa kan keke to suna musu.

Sai auta. Shekararta goma sha bakwai, ba ta ɗinki, ba ta musu, in an yi abin dariya sai kowa ya gama sannan ta ɗan motsa baki don kada a ce. Tun tana ƙarama Tela ya ce a asibiti aka musanya masa ita, aka kwashe da dariya, sunan Baƙuwa ya bi ta. Ba da mugunta ya faɗa ba. Tela bai taɓa faɗin komai da mugunta ba, shi ya sa ba a iya yi masa faɗa, shi ya sa kuma bai taɓa gyarawa ba.

Watannin nan yarinyar ta ƙara yin sanyi. Ta daina zuwa makaranta, wai ciwon kai. Ta wuni a kwance fuska ga bango, abincin da aka ajiye mata ya huce a rufe, kitsonta ya tsufa ba ta ce a sake ba. Inna ta yi lallashi ta gaji, ta koma tambayar da iyaye mata suka iya: "Me kika rasa a gidan nan?" Tela shi magani ɗaya gare shi. "Zaman banza ne. Ki fito shago ki riƙe almakashi, ki gani in ba ki warke ba." Yarinyar tana ƙarewa a gaban idonsu kamar sabulu a ruwa, su kuma suna jira ta gama shagwaɓa.

Ran da abin ya fara, Tela ya gama ɗinkin kayan hoto. Kowace shekara yakan sayi yadi iri ɗaya ya ɗinka wa gidan gaba ɗaya, a kira mai hoto, a rataye hoton a shago don masu kawo ɗinki su ga aikin gida. Riguna shida suna jere a kan igiya, an goge su, suna ƙamshin sabon yadi. Rana ta faɗi. An tsayar da kekuna, an kashe rediyo, ɗan shirun nan na magariba da ko wannan gida yake samu ya sauko tsakar gida, Inna tana alwala a bakin famfo. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ɗaya. Aka dakata. Sai na biyu, sai na uku, a hankali, kamar mai jifan yana ƙirgawa.

Tela ya fita titi da alwalarsa rabi, ya zagi yaran unguwa har da iyayen da suka haife su. Babu kowa a titin. Da ya dawo ya tarar Inna tana riƙe da dutsen da ya gangaro daga rufin, ta miƙa masa. Dutsen da ɗumi, irin ɗumin abin da aka daɗe riƙe da shi a tafin hannu.

Washegari da magariba aka sake. Jibi ma haka. Kullum a gefe ɗaya duwatsun ke sauka, ta bayan gida, wajen matakalar benen da Tela ya fara ginawa shekarun baya ya bar shi babu rufi babu katanga. Kullum kuma titi mutanen gidan ke rugawa, maza da sanduna, mata da salati. Sai an dawo an zauna sannan Baƙuwa ta shigo falo ta rakuɓe a bakin ƙofa. Aka tambaye ta ko ta ji, ta ce ta ji.

A kwana na huɗu, da safe, Yaya ta buɗe shago ta ja da baya. Riguna biyar suna kan igiya. Ta shida, ta Baƙuwa, tana shimfiɗe a kan teburin yanka, an warware ta ɗinki bayan ɗinki: gaba daban, baya daban, hannaye a gefe, zaren da aka zare an naɗe shi tsaf an ajiye a kan wuyan. Tela ya ɗaga ƙyallen ya duba a hasken taga. Ko rami ɗaya na allura bai yage ba. Shekara talatin yana sana'ar nan, bai taɓa ganin warwara mai tsabta haka ba, kuma wannan ya fi duwatsun tsorata shi.

Ya sake ɗinka ta. Gari ya waye an sake warware ta. Ya ɗinka ta a karo na uku, ya kulle a akwati, ya sa mabuɗin a aljihu. Da magariba, suna tsaye cirko-cirko suna jiran dutse, sai suka ji keke na tafiya a cikin shagon da ke kulle. Ba gudu yake ba. Feda na sauka na tashi a sannu, kamar ƙafar tsoho.

Gidan ya rasa sukuni. Inna ta ƙone abinci sau biyu a rana ɗaya. Samarin suka daina musu, suka koma leƙen taga. Tela ya yanka wa wani mutum hannun riga biyu duk na hagu. Ya shiga, ya fita, ya zauna, ya miƙe, da an yi la'asar kowa sai kallon rana yake yi kamar ana iya riƙe ta. Masu kawo ɗinki suka fara tsayawa daga bakin ƙofa.

A kwana na tara Tela ya ce shi ba zai fasa hotonsa don wani tsinanne ba. Ya ciro rigar daga akwati, wannan karon lafiya lau, ya ba Yaya ta kai wa ƙanwarta ta gwada. Rana ta kusa faɗuwa. Baƙuwa na zaune a bakin gado, Yaya ta kama hannunta za ta zura.

"Ɗaga hannu mana, ke kam komai sai an roƙe ki."

Yarinyar ta ɗago kai. Idanunta ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Sakar mata hannu."

Muryar namiji ce, tsoho, mai kauri, ta fito daga wannan siririn wuya. Yaya ta saki rigar ta kurma ihu. Kafin su Tela su iso, Baƙuwa ta miƙe ƙafafu a kan gado ta harɗe hannaye kamar mai jiran baƙi. Ta dubi uban nata daga sama har ƙasa, ta yi wata dariya da ba a taɓa ji a bakinta ba. Inna ta zube a ƙasa tana kiran sunan Allah. Haka aka kwana babu wanda ya runtsa.

Malamin da wani maƙwabci ya kawo washegari bayan la'asar ɗan ƙaramin dattijo ne mai tabarau mai kauri, murya ƙasa-ƙasa. Bai zo da komai ba sai gorar ruwa da carbi. Tela ya tare shi da labari tun daga ƙofa, daga dutsen farko har na ƙarshe, yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. Malam ya bari ya kai aya, sannan ya ce a fitar da kowa ban da uwa da uba, kuma kada wanda ya yi magana sai an ce ya yi. Tun da aka haifi Tela ba a taɓa yanke masa hukunci mai tsanani irin wannan ba.

Malam ya zauna a ƙasa daura da gadon ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Yarinyar ta fara rawar jiki, yatsun ƙafarta suka ƙage, gumi ya jiƙa mata wuya. Da ya yayyafa mata ruwa sai ta miƙe zaune a lokaci guda.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci ne. A benen nan nake tun da aka bar shi."

"Me ya shigar da kai jikin baiwar Allah?"

"Ban fasa ƙofa ba. Gida na tarar a buɗe, mai shi ta daɗe da barin sa." Muryar ta ja numfashi. "Kullum magariba takan hau sama ta zauna a bakin ginin, ƙafafunta na lilo a waje. Wata biyu ina kallon ta. Ran da na ga ta miƙe tsaye a bakin, ta daɗe tana kallon ƙasa, ran nan na ɗauki dutse. Na ce in suka ji za su fito su ɗaga kai. Sai suka ruga titi. Kwana tara ina jifa ta baya, suna gudu ta gaba."

Inna ta toshe bakinta da mayafi. Tela ya buɗe nasa, Malam ya ɗaga masa yatsa.

"Rigar fa?"

"Ni na warware. Tana matse ta a kafaɗa, tana cin ta a hammata. Duk rigar da ya taɓa ɗinka mata haka take. Tana sawa, ta yi murmushi a hoto, ta dawo ta cire, jikinta duk sawu."

"Ƙarya kake!" Tela ya kasa daurewa. "Ni ne zan ɗinka rigar da ta matse? Mutum na shigowa shagona nake karanta awonsa kafin ya zauna!"

"To karanta nata. Ga ta nan a gabanka. Kafaɗa."

Tela ya dubi 'yarsa. Ya faɗi lamba. Muryar ta yi dariya har gadon ya motsa.

"Na Yaya ke nan, lokacin tana 'yar sha biyar. Ɗauko littafinka."

Malam ya gyaɗa kai, Inna ta fita ta dawo da littafin awo, babban littafi mai baƙin bango da ya sha hannu. Kowa na ciki. Mai shagon magani, direban motar makaranta, mutanen da suka tashi daga unguwar, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowa da shafinsa, wuya da ƙirji da tsawo. Tela ya buɗe shafin gida. Inna da lambobinta, Yaya da nata, an soke an sake duk shekara, samarin ma haka. A ƙarƙashin sunan Baƙuwa layi ɗaya ne, tawadarsa har ta kwanta: kamar na Yaya, a rage kaɗan.

Bai taɓa sa mata tef ɗin awo ba. Ita ba ta shiga shago, shi kuma bai taɓa bin ta ɗaki ba. A ganinsa 'yar gida ce, jini ɗaya, ai ƙira ɗaya ce. Kunyar da ta rufe Tela a lokacin ta fi tsoron da ya kwana tara yana ji.

"Aljani yakan yi ƙarya, maigida," in ji Malam a hankali, bai dube shi ba. "Amma wannan da hannunka ka rubuta." Sannan ya juya ga gadon, muryarsa ta yi ƙarfi a karon farko. "Kai kuma, ka faɗi naka an ji. Uban da ya yi sakaci uba ne. Kai ba kowan kowa ba ne a nan. Za ka fita."

"Ku bar mini ita. Ba su san abin da za su yi da ita ba. Ni ban taɓa ce mata ta yi dariya ba."

"Za ka fita."

"To ku bar mini magariba kawai. Sauran yinin naku ne."

Malam ya koma karatu. Yarinyar ta dafe kunnuwa, ta gantsare, ta yi ƙara irin ta ƙarfe a kan ƙarfe. A waje aka fara kiran salla.

"Tsaya! Zan fita. Amma wa zai zauna a wurina? In na tafi, wa zai zauna da ita in rana ta faɗi?"

 Malam bai dubi kowa ba, carbi kawai yake ja.

"Ni," in ji Tela.

"Kai? Kai da ba ka iya shirun minti ɗaya ba?" Muryar ta yi ƙasa, ta yi sanyi. "To ji. Duk ranar da magariba ta same ta ita kaɗai, na dawo. Kuma ran nan ba zan yi jifa ba."

"Ba mu ƙulla sharaɗi da kai," in ji Malam. "Alkawarinsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Fita ta inda ka shigo, kuma ka bar gidan gaba ɗaya."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale a kan gado. Suna ji aka taka matakalar bene ana hawa, taki ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ƙarshe, daga nan ba a ƙara jin komai ba.

A bakin ƙofa, yana sa takalmi, Malam ya riƙe hannun Tela.

"Nawa aikin ya ƙare. Saura wanda ba nawa ba. Abin da ya hau da ita bene yana nan, ba baƙon nan ne ya kawo shi ba. Ku kai ta asibiti wajen masu duba ciwon damuwa."

"Allah gafarta Malam, mu a danginmu babu mai taɓin hankali."

"Ban ce hauka ba. Ciwo na ce. Kuma a toshe matakalar nan yau ɗin nan."

An toshe matakala da katako kafin isha. Asibiti kuwa Tela ya ce a bari tukuna, ai yanzu ya gano inda matsalar take. Da safe ya shiga ɗakin 'yarsa da tef a wuya, ya yi sallama kamar baƙo, ya roƙe ta ta miƙe. Ya auna ta a hankali, yana rubutawa, sai ya ga kafaɗarta ta fi ta Yaya faɗi, irin ta mahaifiyarsa ce sak. Ya yanko sabon yadi, ya wuni a kan keke bai kunna rediyo ba. Rigar da ya fito da ita da yamma, duk shekarunsa bai taɓa yin mai kyanta ba.

Ta sa. Ta zauna mata ɗas. Ta ɗaga hannu, ta sauke.

"Ta yi daidai, Baba. Na gode."

Sannan ta koma ta kwanta da ita a jiki, fuska ga bango.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da almakashi a aljihu bai san me zai gyara ba. Rana na faɗuwa, ya jawo kujera ya zauna, tun da ya yi alkawari. Ya fara ba ta labarin wani mutum da ya kawo yadi ƙarami yana son babbar riga, ya ga bayanta bai motsa ba, ya yi shiru. Ya karkaɗa ƙafa. Ya gyara labule. Ya sake zama. Kwana biyar yana haka, babu dutse, babu keke, gidan lafiya lau, yarinyar kuma tana nan yadda take, abinci na hucewa a rufe. Inna ta ce ko dai aljanin bai fita ba ne. Tela ya ce ya fita. Ya san ya fita, domin shi ke zaune a wurinsa yanzu, kuma yana ganin abin da wancan ya gani.

A kwana na shida bai buɗe shago ba. Ya ce da Inna ta ɗauko mayafi.

Layin asibitin dogo ne, a kan benci mai sanyi. Da aka kira su, likitar mace ce mai furfura a gefen kai. Ta gaishe su, ta jawo takarda, ta dubi yarinyar.

"Tun yaushe kike jin haka?"

"Sati biyu da 'yan kwanaki, likita," in ji Tela, "tun ranar da aka fara..."

Likitar ba ta ɗauke ido daga kan yarinyar ba. Tela ya ji muryarsa ita kaɗai tana yawo a ɗakin, ya kama bakinsa. Fanka na juyawa, Inna na murza bakin mayafi.

"Shekara huɗu," in ji Baƙuwa.

"Kin gaya wa wani?"

"Na sha cewa na gaji. Sai a ce me na yi da zan gaji."

Inna ta fashe da kuka. Tela bai yi ba, kansa kawai ya sunkuyar, hannayen nan da ba sa zama suka kwanta a kan gwiwa. Likitar ta ajiye biro ta ce akwai tambayoyin da yara kan fi son amsawa su kaɗai, iyaye za su iya jira a waje. Inna ta fita tana share hawaye. Tela ya yunƙura zai bi ta, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Ya zauna," in ji yarinyar, idonta a ƙasa. "Amma kada ya ce komai."

Tela ya koma ya zauna. Ta fara magana, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, har fiye da rabin awa. Shi ne karon farko da ya ji muryar 'yarsa ta yi tsawo haka, kuma abin da take faɗa babu mai daɗin ji ko ɗaya. Sau uku amsa ta zo masa har bakin leɓe, sau uku ya mayar da ita. Ba ta saki hannun rigar ba har ta gama.